Darasi na 12: Maganin Homiyofati da Matsayinsa a Dokokin Ƙasashe

Daga cikin hanyoyin neman waraka da suka bazu a duniya cikin shekaru ɗari biyu da suka shige, akwai wata da ake kira homiyofati, wadda ko da yake a Jamus aka ƙago ta, a yau ta fi kafuwa a Indiya, kuma kwalabenta da 'yan ƙwayoyinta farare sun kai har kantunan magani na biranen Afirka. Mutane da yawa, da zarar sun ji an ce ba maganin asibiti ba ne, sai su ɗauka maganin gargajiya ne na Turawa, irin na saiwa da sassaƙe da ganye. Wannan kuskure ne da ya wajaba mu kawar tun da fari, domin mai maganin gargajiya, in ya jiƙa maka sassaƙen maɗaci, abin da ke cikin ƙoƙon yana da ɗaci da launi da ƙarfi, ana iya auna shi, yana iya yi maka amfani, yana kuma iya yi maka illa in ya yi yawa. Alhali kuwa mai homiyofati ya gina sana'arsa ne a kan cewa gwargwadon yadda aka rage magani aka tsarma shi da ruwa, gwargwadon yadda ƙarfinsa ke daɗuwa. Wannan da'awa ita ce ta sa hukumomin ƙasashe suka rasa inda za su ajiye shi a cikin dokokinsu, har kowace ƙasa ta ɓullo da tata dabara.

Asalin al'amarin

Wanda ya kafa wannan mazhaba ta ɗibbi shi ne Samuel Hahnemann, wanda aka haifa a garin Meissen na Jamus a shekarar 1755, ya karanci likitanci a Leipzig da Biyana, ya sami shaidarsa a Erlangen a 1779. Kafin a yanke masa hukunci, adalci ne a dubi irin likitancin da ya tarar. Likitocin Turai na wancan zamani suna nan a kan tafarkin Jalinusu, wanda malaman ɗibbi na Musulunci su ma suka gada suka faɗaɗa, watau cewa jiki yana tsaye ne a kan ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, cuta kuwa rinjayen ɗaya ne a kan sauran, maganinta kuma a kawo kishiyarta; sai dai wajen aiki da wannan ƙa'ida sun wuce gona da iri, har ya zamana majiyyaci, kome rauninsa, sai an tsaga masa jijiya an zubar da jini, an ɗora masa matsattsaku, an ba shi maganin amai da na zawo, kana a bi shi da garin zaiba har yawu ya riƙa dalala, haƙora su yi girgiɗi. A 1792 Sarki Leopold na Biyu ya rasu a Biyana bayan an tsaga masa jijiya sau huɗu cikin yini da dare guda, Hahnemann kuwa bai ji tsoron fada ba, ya fito a jarida ya tuhumi likitocin sarkin. A lokacin ya riga ya ja jiki daga duba marasa lafiya, yana cin abinci da fassarar littattafai, domin Allah ya hore masa harsuna da dama.

A cikin wannan aiki ne, a 1790, yana fassara littafin magunguna na wani likitan Sikotilan mai suna William Cullen, ya iske inda marubucin ya ce sassaƙen itacen sinkona, wanda daga baya aka fitar da kwinin daga cikinsa, yana maganin zazzaɓin cizon sauro ne saboda ɗacinsa yana ƙarfafa ciki. Hahnemann bai gamsu ba, tun da akwai abubuwan da suka fi shi ɗaci waɗanda ba su taɓa sauke zazzaɓi ba. Sai ya riƙa shan sassaƙen da kansa sau biyu a yini, yana lafiya lau, ya kuma rubuta cewa ya ji sanyin hannuwa da ƙafafu, da bugun zuciya, da ƙishirwa, da makyarkyata, alamomin da ya ga sun yi kama da na zazzaɓin. Daga wannan jarrabawa guda, a jikin mutum guda, ya fitar da ƙa'idar da ya bayyana a 1796, ya kuma shimfiɗa ta a babban littafinsa mai suna Organon a 1810.

Ƙa'idar ita ce a yi maganin cuta da makamancinta. Albasa takan sa ido ya yi hawaye, hanci ya yi yoyo, saboda haka a wajensu albasa ce maganin mura mai zubar da majina. Gahawa takan hana barci, saboda haka ita ake ba mai rashin barci. Harbin kudan zuma yakan kumbura, sai aka mai da kudan zuma maganin kumburi. Don a san abin da kowane abu ke haifarwa, Hahnemann ya riƙa ba almajiransa da iyalinsa suna sha, kowa yana rubuta duk abin da ya ji, tun daga ciwon kai har mafarki da ɓacin rai, aka tara waɗannan bayanai cikin manyan littattafai waɗanda har yau su ne madogara. Saboda haka ne mai homiyofati na gaske yakan zauna da majiyyaci awa guda ko fiye, yana tambayarsa abin da yake sha'awar ci, da ɓangaren da yake kwanciya a kai, da abin da ke ba shi tsoro, don ya dace da maganin da alamominsa suka yi daidai da na mutumin. A riƙe wannan doguwar zama a zuciya, za mu komo gare ta.

Amma da yake yawancin abubuwan da yake aiki da su guba ne, irin su asanik da zaiba da wani tsiro da ake kira beladona, wanda dangin zaƙami ne, sai ya ga in ya ba majiyyaci su yadda suke ciwon ƙaruwa yake yi, don haka ya shiga ragewa yana tsarmawa. Da ya ga marasa lafiya suna samun sauƙi ko da ya rage ƙwarai, bai ce watakila ba maganin ne ke aiki ba. Sai ya ce tsarmawar ce, haɗe da girgiza kwalbar da buga ta da ƙarfi a kan abu mai ɗan tauri irin littafi mai bangon fata, take fito da wani ɓoyayyen ƙarfi na ruhi da ke cikin maganin. Tun yana raye ya fara karo da doka: masu harhaɗa magani na Leipzig, waɗanda su kaɗai doka ta ba izinin haɗa magani da sayarwa, suka kai shi ƙara aka hana shi ba da nasa da hannunsa, ya ƙaura zuwa Köthen a 1821. A Faris ya rasu a 1843, yana da shekara 88, da suna da dukiya.

Hisabin tsarmawa

A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗauki alƙalami, domin duk saɓanin da ake yi a kan homiyofati yana komawa ne ga wannan lissafi. Ana ɗaukar ɗigo 1 na asalin jiƙon a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza. Wannan shi ne mataki na farko, ana rubuta shi 1C, maganin kuwa ya zama kashi 1 cikin 100. Sa'an nan a ɗauki ɗigo 1 daga wannan a zuba cikin sabon ɗigo 99, ya zama 2C, watau kashi 1 cikin 10,000. A 3C ya zama kashi 1 cikin miliyan, a 6C kashi 1 cikin miliyan sau miliyan, haka dai kowane mataki yana ƙara sifiri biyu. In aka kai 13C, daidai yake da a saki ɗigo guda cikin ruwan da ya ninka na dukan tekunan duniya kusan sau huɗu. Matakin da Hahnemann ya fi so kuwa, wanda har yau shi aka fi gani a jikin kwalabe, shi ne 30C, watau lamba 1 da sifiri 60 a bayanta. Akwai wani maganin mura da kamfanin Boiron na Faransa ke yi, mai suna Oscillococcinum, wanda asalinsa hanta da zuciyar agwagwa ne, shi ana tsarma shi har mataki 200. Daga ƙarshe sai a ɗiga ruwan a kan 'yan ƙwayoyin sukari, a bari su bushe, a ɗura a kwalba.

Abin tambaya shi ne, shin ana iya raba abu ba iyaka? Masana kimiyya sun tabbatar ba a iyawa, domin kowane abu yana tattare ne da ƙwayoyin zarra masu adadi sananne. Giram 58 da rabi na gishiri, alal misali, yana ɗauke da adadin da ya kai lamba 6 da sifiri 23 a bayanta, wanda ake kira adadin Avogadro. Adadi ne mai girman gaske, amma yana da ƙarshe, ƙarshensa kuwa yana zuwa ne wajen mataki na 12. Daga nan zuwa sama, mafi rinjayen zato shi ne ko zarra ɗaya ta asalin maganin ba ta saura a kwalbar ba. Hahnemann yana da uzuri, domin sai a 1865, bayan rasuwarsa da shekara 22, aka fara ƙiyasta wannan adadi. Waɗanda suka zo bayansa ne ba su da shi. Su kuwa amsarsu ita ce ruwa yana riƙe da tunanin abin da ya taɓa shiga cikinsa.

Akwai kuma wani ma'auni da ake rubutawa da harafin X ko D, wanda ake tsarmawa kashi 1 cikin 10 a kowane mataki. Maganin da aka rubuta masa 2X kashi 1 cikin 100 ne kacal, watau abin yana nan da ƙarfinsa, in guba ne yana nan guba. Kada kuma a gauraya wannan mas'ala da allurar rigakafi, kamar yadda wasu masu talla ke yi: abin da ke cikin allurar rigakafi ana auna shi, kariyar da ta haifar a jini ita ma ana auna ta.

Abin da jarrabawa ta nuna

Tun a 1835 mutanen Nuremberg suka shirya wata jarrabawa wadda har yau masana tarihin likitanci ke yabon tsarinta. Wani mai homiyofati na garin ya ce kusan duk wanda ya sha gishirin da aka tsarma har 30C sai ya ji wani abu a jikinsa. Sai aka taru a bainar jama'a, aka kawo kwalabe 100 aka sa musu lamba aka cakuɗa su, aka zuba ruwa zalla a rabi, ruwan gishirin a rabi, aka rubuta lambobin a takarda aka rufe da hatimi, yadda mai bayarwa da mai sha duk ba wanda ya san abin da ke cikin kwalbarsa. Cikin mutum 50 da suka kawo bayani, 8 ne kaɗai suka ce sun ji wani abu. Da aka buɗe takardar, 5 daga cikinsu sun sha na gishiri, 3 kuwa ruwa zalla suka sha. Shekara 153 bayan haka, a 1988, wani masani Bafaranshe mai suna Jacques Benveniste ya buga a mujallar Nature cewa ya ga shaidar tunanin ruwa a ɗakin bincikensa. Da editan mujallar ya zo da mutum biyu aka sake gwajin, aka ɓoye lambobin kwalaben a ambulan aka manna shi a rufin ɗakin, sai shaidar ta ɓace. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta gwama gwaje-gwaje 110 na homiyofati da 110 na magungunan asibiti, ta ga cewa in aka tsaya a kan manya masu kyakkyawan tsari, amfanin homiyofati bai wuce na ƙwayar wofi ba, watau ƙwayar da ba kome a cikinta sai sukari. A 2015 majalisar binciken lafiya ta Ostireliya ta ce ba ta sami cuta ko guda da ke da hujja tabbatacciya a kan cewa homiyofati na maganinta ba.

To, in haka ne, me ya sa dubban mutane masu hankali ke rantsuwa cewa sun sha sun warke? Ba ƙarya suke yi ba. Yawancin cututtuka, irin su mura da ciwon kai da ɓacin ciki, jiki ne ke kawar da su da kansa da ikon Allah, kuma mutum yakan nemi magani ne a ranar da ciwo ya fi tsanani, ranar da daga ita sai sauƙi, ko ya sha ko bai sha ba. Ga kuma doguwar zaman nan da muka ambata: mutumin da ya saba da likita mai duba shi cikin minti uku ba tare da ya ɗaga kai ba, in ya sami wanda ya saurare shi awa guda, rabin damuwarsa ta tafi, wannan kuwa aibi ne na asibitoci wanda ya kamata su ji kunyarsa. A zamanin Hahnemann da shekarun da suka biyo bayansa akwai dalili na uku, wanda ya fi duka ƙarfi. Lokacin annobar kwalara ta 1854 a Landan, asibitin homiyofati ya rasa kimanin kashi 16 cikin ɗari na majiyyatansa, sauran asibitoci kuwa kimanin rabi. Ba abin mamaki ba ne, domin mai amai da gudawa wanda aka bari ya huta ya fi kusa da tsira bisa ga wanda aka ƙara wa maganin zawo aka kuma zubar masa da jini.

Hukuncin doka

Sa ido a kan masu magani ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Littattafan hisba sun ɗora wa muhtasibi duba likitoci da masu sayar da magani, fuƙaha'u sun yi bayani a kan lamunin wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba, kuma a shekarar 931 Halifa Muƙtadir ya umarci Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba likitocin Bagadaza bayan wani majiyyaci ya mutu ta dalilin kuskuren likita. Hukumomin zamani sun gaji wannan aiki, sai dai sun raba shi biyu, ana duba mai maganin daban, ana duba maganin daban. Shi maganin kuma ana yi masa tambaya uku kafin a bari ya shiga kasuwa: ko an haɗa shi da tsabta kuma abin da aka rubuta shi ne a ciki, ko ba ya cutarwa, ko kuma yana warkar da abin da aka ce yana warkarwa. Tambaya ta uku ita ce mai wuya, ita ke cin shekaru da dukiya. Abin da nake so mai karatu ya fahimta daga wannan darasi shi ne, a yawancin ƙasashe an ɗauke wa homiyofati wannan tambaya ta uku, ko dai a bayyane cikin doka, ko kuwa ta hanyar kau da kai. Aikin hukuma a nan ya yi kama da na sarkin kasuwa wanda ya duba mudu ya tabbatar cikakke ne, amma bai ce irin da aka auna da shi zai tsiro ba.

Tarayyar Turai ta yi nata a bayyane. Tun daga 1992 akwai rajista mai sauƙi wadda ba a neman hujjar warkarwa a cikinta, bisa sharaɗi uku: maganin ya kasance na sha ko na shafawa, a tsarma shi aƙalla kashi 1 cikin 10,000, kuma kada a rubuta sunan wata cuta a jikinsa. Ka ga hikimar da ke ciki, ka kuma ga raunin: hukuma ta tsare kanta daga shaidar zur, amma mai saye yana ganin lambar rajista a kantin magani, kusa da magungunan da aka jarraba, ba kuwa wanda zai gaya masa bambancin. A Jamus, ban da likitoci, akwai wani rukuni na masu magani da wata doka ta 1939 ta yarda da su, jarrabawar da ake yi musu kuwa manufarta a tabbatar ba za su zama haɗari ga lafiyar jama'a ba; a 2022 babban taron likitocin ƙasar ya cire homiyofati daga tsarin ƙarin horon da yake ba da shawara a bi.

Inda rigima ta fi zafi a Turai shi ne wajen wanda zai biya. Birtaniya, wadda gidan sarautarta ya daɗe yana ƙaunar homiyofati, ta shigar da asibitocinsa cikin hukumar lafiya ta ƙasa a 1948. Amma a 2010 wani kwamitin majalisa ya ce a daina kashe masa kuɗin jama'a, a 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi, kotu kuma ta goyi bayanta a 2018. Faransa ta kasance tana mayar wa mai saye kashi 30 cikin ɗari na kuɗinsa, ta rage zuwa 15 a 2020, ta tsayar gaba ɗaya a farkon 2021. Suwizalan ta bi wata hanya dabam, domin a 2009 kimanin kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka amince a ba magungunan da ba na asibiti ba matsayi a tsarin mulki, har daga bisani inshorar lafiya ta riƙa biyan aikin homiyofati in likita ne ya yi. Ƙuri'a tana iya yanke hukunci a kan inda za a kashe kuɗin jama'a, amma ba ta zama burhani a kan abin da ke cikin kwalba.

Labarin Amurka ya fi kowanne ban sha'awa. Homiyofati ya isa can a 1825, ya yi ƙarfi har masu yinsa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1844, shekara uku kafin sauran likitoci su kafa tasu, kuma wajen 1900 suna da kwalejoji kimanin 22. Bayan rahoton Flexner na 1910, wanda ya tilasta a gina karatun likita a kan kimiyya, sai suka yi ta rufewa. Amma a 1938, da aka zo kafa babbar dokar abinci da magunguna, sai ya kasance sanatan da ya jagoranci dokar, Royal Copeland, shi kansa likitan homiyofati ne, aka kuwa sanya littafin magungunan homiyofati cikin littattafan da doka ta yarda da su. Ta haka suka zama magunguna a idon shari'a ba tare da an taɓa jarraba su ba, hukumar kula da abinci da magunguna, watau FDA, kuma, ganin cewa ruwa da sukari ba sa kisa, ta fitar da wata manufa a 1988 wadda ta bari a sayar da su ba tare da amincewarta ba. Kasuwa ta bunƙasa, sa'an nan illoli suka fara ɓullowa daga inda hisabinmu na ɗazu ya nuna. A 2009 hukumar ta gargaɗi jama'a a kan wani maganin mura na sawa a hanci mai suna Zicam, wanda ke ɗauke da sinadarin zinki a matakin 2X, bayan mutane fiye da 130 sun kai kukan sun daina jin ƙanshi da wari. A 2016 ta yi gargaɗi a kan ƙwayoyin da ake ba jarirai lokacin fitar haƙori, a 2017 kuma ɗakin bincikenta ya iske beladonar da ke cikinsu ba ta daidaita ba, wata ƙwayar ta ɗara abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Saboda haka ta janye manufar 1988 a 2019, ta koma bin waɗanda suka fi haɗari, irin na jarirai da na allura da na ido da waɗanda ake cewa suna maganin manyan cututtuka. Har yau babu maganin homiyofati ko guda da FDA ta amince da shi.

Indiya ita ce ta rungume shi hannu bibbiyu. An ce wani likita Bature mai suna Honigberger, wanda ya yi wa Sarki Ranjit Singh magani a Lahore a 1839, yana cikin waɗanda suka fara kai shi, daga baya ya kafu a Kalkata, ya bazu saboda araharsa da ƙarancin likitoci a karkara. A 1973 majalisar ƙasar ta kafa masa majalisar kula da karatu da rajista, wadda wata sabuwar hukuma ta gada da dokar 2020. Akwai kwalejoji fiye da 200, ɗalibi yana shekara biyar da rabi kafin ya sami digiri, kuma tun 2014 akwai ma'aikata sukutum mai suna AYUSH wadda ke kula da shi tare da sauran hanyoyin ɗibbi na ƙasar. Duk da haka kotunansu sun ja layi: a 1996 Kotun Ƙoli ta hukunta cewa mai homiyofati da ya rubuta maganin asibiti ba da iliminsa ba ya yi sakaci, a ƙarshen 2020 kuma ta ce masu homiyofati ba su da ikon tallata maganinsu a matsayin waraka daga cutar korona. Akwai ma wata ƙa'ida da ta hana sayar wa jama'a maganin homiyofatin da barasarsa ta haura kashi 12 cikin ɗari a kwalbar da ta wuce mililita 30, domin mashaya sun gano hanya. Wannan kuwa abin lura ne ga Musulmi, tun da yawancin na ɗigawa da barasa ake haɗa su.

A Nijeriya, gyaran da aka yi wa dokar likitoci a 1992 ya ɗora wa majalisar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa alhakin sa ido a kan masu homiyofati da makamantansu, hukumar NAFDAC kuwa, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin abin da ke cikin kwalba, ba a shigo da magani ko a sayar bisa ƙa'ida sai da rajistarta. Ga magungunan itatuwa, hukumar takan ba da lamba bayan ta duba cewa ba su da guba, tare da tilasta a rubuta a jikinsu cewa ba ta tantance da'awar warkarwar da aka yi ba. Rubutun yakan zo da ƙananan baƙaƙe a gefe, mai talla da lasifika a tasha kuwa lambar kaɗai yake karantawa. Haɗarin da ya fi damunmu a nan ba gubar da ke cikin kwalba ba ce, jinkiri ne. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama yana iya shiga mawuyacin hali cikin kwana ɗaya ko biyu, mai tarin fuka da ya bar ƙwayoyinsa na wata shida yana cutar da kansa da iyalinsa. Shi ya sa a 2009, bayan wasu matasan likitoci da masu bincike daga Birtaniya da Afirka sun rubuta mata wasiƙa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta yarda a yi maganin zazzaɓin cizon sauro, ko tarin fuka, ko ƙanjamau, ko gudawar jarirai da homiyofati ba.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya zo mako mai zuwa da kwalin magani guda daga gida, kowane iri ne, a karanta shi tare da malami: a nemo sunan abin da ke ciki da adadinsa, da lambar rajista, da ranar ƙarewar aiki, a kuma duba ko akwai rubutun da ke cewa hukuma ba ta tantance da'awar ba. Wanda ya ga suna da lamba da harafin C ko X ko D a bayanta, ya rubuta a allo yawan sifirin da lambar ke nufi. Sa'an nan a raba aji gida biyu a warware wannan mas'ala: kwalba biyu ne na beladona, ɗaya 3X, ɗaya 30C, wacce ce ya fi wajaba hukuma ta aika ɗakin bincike, wacce ce kuma ya fi wajaba ta hana a rubuta mata sunan cuta, kuma da wace hujja?